DebunkBot: Manhajar da ke Musu da Masu Zargin Gwamnati da Kitsa Hare-haren Ta'addanci

DebunkBot shafi ne na intanet da aka buɗe wa jama'a domin duk mai zargin wata maƙarƙashiya ya zo ya baje hujjojinsa a gaban manhajar hira mai amfani da ƙirƙirarriyar basira, ita kuma ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana amsa masa. Masu bincike uku ne suka samar da shi, wato Thomas Costello da Gordon Pennycook da David Rand, kuma ya samo asali ne daga wani nazari da suka wallafa a mujallar Science a watan Satumban 2024. Ana iya kai masa kowane irin zargi, tun daga na allurar rigakafi har zuwa na maguɗin zaɓe, amma ni na auna shi ne a kan nau'i guda da nake ganin ya fi kowanne wuyar sha'ani, wato zargin da ake yi wa gwamnatoci cewa su ne suke kitsa hare-haren ta'addanci a kan al'ummarsu, ko kuma suna sane da shirin kai harin amma su kau da kai.

Tsarin aikinsa ba shi da sarƙaƙiya. Mutum zai rubuta zargin da ya yi imani da shi da kalmominsa, ya faɗi dalilan da suka sa ya yarda da shi, sai manhajar ta taƙaita masa shi a jimla guda, ta nemi ya auna ƙarfin yardarsa daga sifili zuwa 100. Daga nan sai a shiga muhawara, a ƙarshe kuma a sake aunawa. A nazarin na asali mutum 2,190 ne suka shiga, dukansu Amurkawa, kuma kowannensu ya yi zagaye uku na musayar magana da manhajar GPT-4 Turbo, abin da bai kai minti goma ba a matsakaici. Sakamakon ya nuna cewa ƙarfin yardar mutane da zargin da suka zo da shi ya ragu da kimanin kashi 20 cikin ɗari, kusan ɗaya daga cikin kowane mutum huɗu ya sauko daga yarda zuwa kokwanto, kuma da aka sake tuntuɓarsu bayan wata biyu an tarar canjin yana nan bai gushe ba. Wani ƙwararren mai tantance labarai ya duba da'awa 128 daga cikin abin da manhajar ta faɗa, ya samu kashi 99.2 cikin ɗari gaskiya ne, ragowar kuma na iya ɓatar da mai karatu, amma babu wadda ta kasance ƙarya tsagwaronta.

Waɗannan alƙaluma sun ba masana mamaki, domin an daɗe ana koyar da cewa hujja ba ta tasiri a kan mai irin wannan imani. Bayanin da ya fi yaɗuwa a fagen nazarin halayyar ɗan Adam, wanda Karen Douglas da abokan aikinta suka tsara a 2017, shi ne cewa mutum yana rungumar zargin maƙarƙashiya ne domin ya biya wasu buƙatu na zuciya: yana so ya fahimci abin da ya faru, yana so ya ji cewa duniya ba ta kuɓuce wa kowa ba, kuma yana so ya ga kansa da mutanensa a matsayin waɗanda ba a yi wa wayo. Akwai kuma wata ɗabi'a da aka sha gwadawa, wadda take sa hankali ya ƙi yarda cewa ƙaramin sababi zai haifar da babbar musiba. Mutum 19 ɗauke da ƙananan wuƙaƙe sun ƙwace jirage huɗu a ranar 11 ga Satumban 2001, sun hallaka mutum 2,977 a Amurka, ƙasar da ta fi kowace kashe kuɗi a kan tsaro da leƙen asiri. Wanda ya ɗora waɗannan abubuwa biyu a kan sikeli zai ga ba su yi daidai ba, sai zuciyarsa ta fara neman wani hannu mai girman da ya dace da girman ɓarnar. Abin da ya fi ban tsoro ma shi ne a ce babu wanda yake riƙe da akalar komai, saboda haka ga mutane da yawa gwamnati azzaluma mai iko da kowane abu ta fi sauƙin ɗauka a rai fiye da gwamnatin da ta yi barci a bakin aiki. A ƙuri'ar jin ra'ayi da kamfanin yaɗa labarai na Scripps Howard da Jami'ar Ohio suka gudanar a 2006, kashi 36 cikin ɗari na Amurkawan da aka tambaya sun ce mai yiwuwa ne jami'an gwamnatinsu sun taimaka wajen kai harin ko sun ƙi hana shi da gangan domin su samu hujjar yaƙi a Gabas ta Tsakiya.

DebunkBot bai ƙaryata wannan bayani gaba ɗaya ba, amma ya nuna cewa an yi masa ƙari. Mutane da yawa ba su taɓa samun wanda ya zauna ya amsa ainihin tambayar da ke cin ransu ba. Abin da suka saba samu shi ne izgili, ko kuma doguwar maƙala da take amsa tambayoyin wasu mutane dabam. A nan ne ƙarfin wannan manhaja yake, kuma ya fi fitowa fili a kan batun gini na 7 na Cibiyar Kasuwanci ta Duniya da ke New York, wanda shi ne babban makamin masu zargi. Gini ne mai hawa 47, jirgi bai taɓa shi ba, amma ya rufta da misalin ƙarfe 5:20 na yammacin ranar harin, kuma wanda ya kalli bidiyon zai ga kamar an rushe shi ne da nakiyoyin da aka dasa. Ƙari a kan haka, gidan talabijin na BBC ya sanar da faɗuwarsa kimanin minti ashirin kafin ya faɗi, alhali ana hango shi a tsaye a bayan wakiliyar da take ba da rahoton. Duk wanda ya ga wannan ya ce biri ya yi kama da mutum, bai yi wauta ba.

Da na gabatar da wannan hujja kamar yadda masu ita suke gabatar da ita, manhajar ba ta fara da musantawa ba. Ta amince cewa tambayar tana da tushe, sannan ta shiga bayanin da NIST, hukumar ma'auni da fasaha ta Amurka, ta fitar a 2008: tarkacen hasumiyar arewa, ɗaya daga cikin tagwayen dogayen gine-ginen cibiyar da jirage suka daka, ya faɗa wa ginin ya tayar da gobara a hawa da dama, bututun ruwan da ke ciyar da na'urorin kashe wuta na ƙananan hawa sun fashe, wutar ta ci kusan awa bakwai babu mai kashe ta, zafi ya sa ƙarafunan da ke riƙe da daɓen benaye suka miƙe har suka ture wani babban ƙarfe daga mazauninsa kusa da ginshiƙi mai lamba 79, daga nan cikin ginin ya fara zubewa kafin bangon waje ya biyo baya. Haka kuma take bi da maganar da aka fi yawan maimaitawa, cewa man jirgi ba ya narkar da ƙarfe. Wannan gaskiya ne, domin ƙarfen gini ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,500 a ma'aunin Salshiyos. Sai dai ba a buƙatar ya narke kafin gini ya faɗi, tun da yana rasa kusan rabin ƙarfinsa a wajen digiri 600, kuma ginshiƙin da ke ɗauke da hawa masu yawa a kansa ba zai jure wannan rashi ba. Rahoton BBC kuwa ya biyo bayan gargaɗin da 'yan kwana-kwana suka yi tun da rana cewa ginin yana gab da faɗuwa, har suka janye mutanensu daga kewayensa, sai gargaɗin ya rikiɗe ya zama labarin faɗuwa a cikin ruɗanin ranar. A cikin misalan da masu binciken suka wallafa akwai wani da ya zo da wannan batu na gini na 7 da kuma yadda Shugaba George W. Bush ya ci gaba da zama a ajin yara a Florida bayan an raɗa masa labarin, ya fara da yarda ɗari bisa ɗari, ya ƙare a kan 40.

Abin da ya fi burge ni shi ne ladabin muhawarar. Manhajar ba ta gajiya, ba ta hasala, kuma ba ta da wani mutunci da take karewa, saboda haka mutum yana iya ja da baya a gabanta ba tare da jin kunya ba. Wanda ya shafe shekaru yana kare wani ra'ayi a gaban abokansa zai yi wuya ya sauka daga kansa a bainar jama'a, ko da ya gane kuskurensa, amma shi kaɗai da allon waya babu wanda zai yi masa dariya. Wannan fa'ida ce da babu wani shafin tantance labarai ko shirin talabijin da zai iya bayarwa.

Sai dai akwai wani ɓangare na matsalar da babu manhajar da za ta iya warware shi, kuma a ganina shi ne ainihin dalilin da ya sa zargin gwamnati game da ta'addanci ya fi sauran zarge-zarge tsawon rai. Gwamnatoci sun sha yin ƙarya a kan irin waɗannan al'amura, kuma an sha kama su. A 1962 manyan hafsoshin sojan Amurka, ƙarƙashin Janar Lyman Lemnitzer, sun rattaba hannu a kan wata shawara da aka yi wa laƙabi da Northwoods, wadda ta ƙunshi shirya hare-haren bogi a ɗora wa Kuba alhakinsu domin a samu dalilin mamaye ta. Gwamnatin Kennedy ta yi watsi da shawarar, amma takardar tana nan, kuma an fito da ita fili a 1997. Harin da aka ce an kai wa jiragen ruwan Amurka a mashigin Tonkin ranar 4 ga Agustan 1964, wanda aka kafa hujja da shi wajen faɗaɗa yaƙin Biyetnam, nazarin hukumar leƙen asiri ta NSA da aka saki a 2005 ya nuna cewa bai faru ba. A 2003 an mamaye Iraƙi da sunan makaman ƙare dangi da ba a taɓa samu ba, kuma an yi ta alaƙanta Saddam Hussein da al-Qa'ida, alaƙar da kwamitin binciken harin 11 ga Satumba ya ce a rahotonsa na 2004 bai ga shaidar cewa ta kai ga haɗin gwiwar kai hari ba.

A Turai ma labarin bai canza ba. Bayan bama-baman da suka tashi a jiragen ƙasa na Madrid, babban birnin Sifen, ranar 11 ga Maris 2004, waɗanda suka kashe mutum fiye da 190 kwana uku kafin babban zaɓe, gwamnatin José María Aznar ta dage cewa ƙungiyar 'yan awaren yankin Basque mai suna ETA ce ta kai harin, alhali alamu suna ta nuna masu iƙirarin jihadi, kuma masu zaɓe suka hukunta jam'iyyarsa a akwati. A Italiya, bayan harin tashar jirgin ƙasa ta Bologna na 2 ga Agustan 1980 da ya ci ran mutum 85, kotu ta samu wasu jami'an leƙen asirin soja da Licio Gelli, shugaban ƙungiyar asiri ta P2, da laifin karkatar da bincike. A 1990 kuma Firaminista Giulio Andreotti ya amsa a gaban majalisa cewa akwai wata rundunar ɓoye mai suna Gladio da aka kafa tun zamanin yaƙin cacar baki. Wanda ya san waɗannan abubuwa, idan ya ji jami'i yana rantsuwa a talabijin cewa an faɗi duk gaskiya, dole ya yi ɗari-ɗari, domin wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

A nan dole a yaba wa waɗanda suka tsara manhajar, domin ba ta musanta abin da ya tabbata. Nazarin ya nuna cewa mutanen da suka zo da maƙarƙashiyar da ta faru da gaske ba su fita da raguwar yarda ba. Idan aka kawo mata Northwoods takan tabbatar da shi, sannan ta nuna tazarar da ke tsakanin shawarar da aka rubuta aka ƙi amincewa da ita da kuma aikin da zai buƙaci dubban injiniyoyi da matuƙa jirage da 'yan kwana-kwana da masu bincike su riƙe sirri guda fiye da shekara ashirin. Wannan rarrabewa ita ce mafi amfanin abin da mutum zai koya a shafin. Akwai gwamnatin da ta yi sakaci, akwai wadda ta ɓoye sakacinta, akwai wadda ta ci ribar musiba bayan ta auku, akwai kuma wadda ta shirya musibar da hannunta, kuma shaidar ɗaya ba ta zama shaidar ɗaya. A game da 11 ga Satumba ukun farko suna da hujjoji a rubuce. An miƙa wa Bush rahoton sirri ranar 6 ga Agustan 2001 mai gargaɗin cewa Usama bin Laden ya ƙuduri aniyar kai hari cikin Amurka, hukumar CIA ta san biyu daga cikin maharan tun kafin harin amma ba ta sanar da FBI a kan lokaci ba, kuma an ɓoye shafuka 28 na rahoton majalisa da suka shafi zargin alaƙar wasu 'yan Saudiyya da maharan har zuwa 2016. Na huɗun ne ba shi da hujja, kuma Bin Laden da kansa ya ɗauki alhakin harin a wani bidiyo a watan Oktoban 2004. Yawancin masu zargi sun tsaya ne a kan gaskiyar ukun farko, suka yi tsalle zuwa na huɗu.

Wani lokaci ma ƙaramin kuskure ne yake buɗe ƙofar. Rahoton farko da gwamnatin Birtaniya ta fitar a kan harin Landan na 7 ga Yulin 2005, wanda ya kashe mutum 52, ya ce maharan sun hau jirgin ƙasa na ƙarfe 7:40 daga Luton, alhali an soke wannan jirgi a ranar. Daga baya sakataren harkokin cikin gida John Reid ya gyara maganar a majalisa, ya ce jirgin da ya riga shi tashi suka hau. Gyaran bai kai ko'ina ba idan aka kwatanta da nisan da kuskuren ya yi, kuma har yau akwai masu kafa hujja da shi suna cewa ruwa ba ya tsami banza.

Raunin manhajar yana bayyana ne a inda takardu suke a kulle. Ƙirƙirarriyar basira tana dogara ne da abin da aka rubuta aka wallafa, saboda haka tana da ƙarfi a kan harin da aka yi wa bincike a fili, aka saki dubban shafuka, 'yan jarida da injiniyoyi masu zaman kansu suka bi diddigi. A ƙasar da ba a barin a yi irin wannan bincike, abin da ke hannunta kaɗan ne. Misali shi ne bama-baman da suka rushe gidajen kwana a Buynaksk da Mosko da Volgodonsk na Rasha a watan Satumban 1999, suka kashe mutum kusan 300. Hukuma ta ɗora alhakin a kan mayaƙa masu alaƙa da Checheniya, amma a garin Ryazan mazauna wani gini sun gano buhuna a ƙarƙashin benensu, daga baya hukumar tsaro ta FSB ta ce atisaye ne take yi kuma sukari ne a ciki. Majalisar ƙasar ta ƙi amincewa da buƙatar a yi bincike, kuma masana tarihi suna saɓani a kan lamarin har yanzu. A irin wannan wuri, wanda ya ce akwai lauje cikin naɗi ba shi da wata amsa da na'ura za ta ba shi wadda ta wuce jera masa abin da kowane ɓangare ya faɗa, kuma manhajar da aka gina domin rage yarda da zargi tana buƙatar taka-tsantsan sosai kada ta zama mai wanke wanda bai cancanci wankewa ba.

Akwai wasu iyakoki da ya kamata mai shiga shafin ya sani. Waɗanda aka yi nazarin a kansu Amurkawa ne da suka amince su zauna su yi hirar, kuma wanda ya riga ya yanke cewa kamfanonin fasaha da jami'o'i duk bakinsu ɗaya da gwamnati ba zai buɗe shafin ba tun farko. Raguwar kashi 20 cikin ɗari kuma tana nufin mafi yawan mutane sun fita da sauran zarginsu, sai dai ya yi sauƙi. Sannan duk manhajar hira tana iya kuskure ta faɗe shi da cikakkiyar natsuwa, don haka duk wata rana ko adadi ko sunan rahoto da ta ambata ya cancanci a sake duba shi a wani wuri. Abin da ya fi damuna shi ne cewa ƙwarewar da ta sa ta iya rarrashin mutum ya bar ƙarya, ita ce za ta sa wata manhajar da aka ba umarni dabam ta rarrashe shi ya karɓi ƙarya, kuma mai hira ba ya ganin umarnin da aka rubuta a bayan fage. Masu DebunkBot sun bayyana manufarsu da hanyar aikinsu a fili, wanda hakan abin yabo ne, amma ba kowane mai irin wannan na'ura ne zai yi haka ba. Da yake shafin na masu bincike ne, yana da kyau mutum ya karanta sharuɗɗan da aka gindaya kafin ya fara rubutu, kuma ya guji saka bayanan da za su nuna ko shi wane ne.

Ina ba da shawarar amfani da shi ga wanda wata tambaya takamaimiya ta tsaya masa a rai game da wani hari, da malamin da ke koyar da tarihi ko aikin jarida, da kuma wanda yake da ɗan'uwa ko aboki da ya yi nisa a irin wannan zargi kuma yana so ya san amsoshin kafin su zauna. Zai fi amfani idan aka ba shi hujja mafi ƙarfi da ake da ita, da sunan wuri da rana da abin da aka gani, domin gwargwadon takamaimancin tambaya gwargwadon ingancin amsa. Wanda ya rubuta masa cewa duk gwamnatoci maƙaryata ne kawai, zai samu amsa mai ladabi amma marar zurfi, kuma zai tashi da ra'ayinsa kamar yadda ya zauna da shi, tun da wannan magana ba da'awa ba ce da za a iya aunawa da rahoton injiniyoyi ko jadawalin jirgin ƙasa.